Ina Gyaɗar da Aka Tsince Take Zuwa?

Gyaɗa hawa-hawa ce a kasuwar Managil, kamar kowace kasuwar amfanin gona a Jazira ta Sudan. Mai saye don fitarwa ta Port Sudan yakan zaɓi manyan ƙwayoyi masu lafiya, domin Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar aflatoksin da ke cikinta ta haura mikirogiram 4 a kilo. Sai a zuba a tankaɗe, mata su zauna su tsince ta da hannu, a ware fasassu da motsattsu da waɗanda suka yi baƙi ko kore a ciki. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda wannan tsintar take nufa. Ba a zubar da ita. Ana sayar da ita da araha, ta shiga matsar mai, ta shiga injin markaɗen dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tunkuzarta kuma, wadda ake kira ambaz, ta tafi bakin shanu. A ganina, duk maganar alhakin kamfanin abinci a kan jama'a daga wannan buhun take farawa, kafin a zo kan rabon kayan azumi da haƙa rijiya da sayen rigunan ƙwallo.

Aflatoksin guba ce da wata irin funfuna take fitarwa a jikin gyaɗa da masara da dawa idan zafi da laima suka haɗu. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Brazil. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa sau da dama ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Idan ta yi yawa tana kashewa nan take: a gabashin Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. Amma aikinta na yau da kullum a ɓoye yake, kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita, sai dai su rage wani abu. Saniyar da ta ci ambaz mai guba kuwa tana fitar da wani kaso a nononta.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike na Sudan tare da jami'ar Wageningen ta Holan sun kwatanta masu kansar hanta da masu lafiya a yammaci da tsakiyar ƙasar, suka ga cewa yawan cin dakwa yana tafiya tare da ƙaruwar cutar, abin kuma ya fi ƙamari a yamma. Manomin Jazira zai iya cewa shi ya tsira, tunda gyaɗarsa ta ban-ruwa ce, ba ta shan farin ƙarshen damina da ke buɗe wa funfuna ƙofa a gonakin Kordofan da Darfur. Akwai gaskiya a nan, matuƙar ruwan yana zuwa. Sai dai magudanan da aka shimfiɗa daga dam ɗin Sennar a 1925, aka miƙa su zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, sun daɗe suna fama da taɓo da ciyawa, hawasha, wato gonar ban-ruwa, da ke ƙarshen layi kuwa takan yi ƙishi daidai lokacin da ƙwaya ke cika. Ga kuma ƙasar Jazira, laka ce mai riƙo. Ana cire gyaɗa da ɗanyen taɓo manne a kwansonta, wasu kwansuna su tsage a hannun mai cira, a tara ta tsibi. Wanda ya cusa hannu tsakiyar tsibin bayan kwana biyu zai ji ɗumi da gumi. A nan gubar take haihuwa. Bayan haka matsun Managil ba gyaɗar ban-ruwa kaɗai suke saye ba.

Me ya sa za a ɗora nauyin a kan mai masana'anta, ba manomi ba? Saboda a hannunsa farashi yake. Ɗan ƙwadagon da ke zaune a kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, wanda ya yi noman raba-daidai a hawashar wani, ba zai ƙara mako yana shanya ba idan buhun da ya bushe da wanda bai bushe ba kuɗinsu ɗaya, balle ma ɗanyen ya fi nauyi a sikeli. Ranar da mai matsa ya sayi ma'aunin laima, ya ce ba ya karɓar abin da ya wuce kashi 8 cikin ɗari, ya kuma ƙara kuɗi a kan busasshiya, ranar shanya za ta canza a ƙauyuka ba tare da wa'azi ba. Abin takaicin shi ne wannan ɗan ƙwadagon da iyalinsa su ne suke sayen mai mafi araha a kwalba, kuma daga kasuwar nan mai agashe yake auno gyaɗar da zai daka ya barbaɗa wa namansa.

Za a ce gwaji na da tsada, ƙaramar matsa ba za ta iya ba. To, kaso mafi girma na aikin ba a ɗakin gwaji yake ba. Gubar tana taruwa ne a 'yan ƙwayoyi ƙalilan, shi ya sa tsinta ta hannu take rage ta sosai, ɗora buhu a kan katako nesa da bango kuma yana hana ta ƙaruwa. Kuma an riga an yi a Sudan. Masana'antar Samil ta Khartum tana sarrafa gyaɗar gida ta zama abincin jinyar yara masu tamowa, tana cika sharuɗɗan UNICEF, har zuwa lokacin da ta ƙone a watan Mayun 2023. Za a kuma ce wannan aikin hukumar kula da inganci da ma'auni ce. Haka ne, doka na da wurinta. A Amurka an yanke wa Stewart Parnell, mai wani kamfanin gyaɗa, ɗaurin shekara 28 a 2015 saboda ya fitar da kayan gyaɗa yana sane da cewa suna ɗauke da ƙwayar cuta, mutum 9 suka mutu. Amma mai duba kaya yakan zo ne jefi-jefi, mai matsa kuwa kullum yana tsaye a bakin sikeli yana ganin abin da ake saukewa. Masu cewa kaka da kakanni sun ci ba abin da ya same su, sai su tuna kansar hanta ba ta zuwa da takardar shaida; a ce wane ya yi kumburin ciki, a yi masa sutura, magana ta ƙare.

Hujja mafi nauyi ita ce ta yaƙi. Tun da Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disambar 2023, Managil ta cika da 'yan gudun hijira, kuma ko bayan sojoji sun sake karɓe Wad Madani a Janairun 2025 yunwa ba ta saki mutane ba. Wa zai ce a zubar da abinci a irin wannan hali? Ba na cewa a zubar. Tacewar mai da sinadarin alkali, irin wadda manyan matatu ke yi, tana cire kusan dukkan aflatoksin daga man gyaɗa, alhali ɗanyen mai na ƙaramar matsa yana riƙe wani kaso. Saboda haka tsinta tana da hanyar da za ta bi: ta tafi matatar da ke tacewa, ko tukunyar sabulu, a hana ta shiga injin dakwa, ambaz ɗinta kuma a raba shi da shanun tatsa. Mai masana'anta zai rasa ribar da yake samu wajen gauraya buhu biyu, kuma idan masu matsun garin suka daidaita a tsakaninsu, babu wanda maƙwabcinsa zai karya masa farashi saboda ya daina.