Waya Ta Cika: Gaskiya Da Ƙarya Kan Share Ajiyar Wucin Gadi

A Dandamisa, da Makarfi, Ikara da Kudan, duk wanda ya zauna shagon caji ko wurin masu tura fina-finai ya san kukan matasa: memori ta cika, gem ya ƙi buɗewa. Nan take shawarwari ke fitowa daga kowane baki. Wasu daidai ne, wasu kuwa sai sun ci wa mutum data da wahalar watanni.

Abin da ake gardama a kansa shi ne ajiyar wucin gadi, wadda Android ke rubutawa da "cache". A nan manhaja ke adana abubuwan da ta riga ta sauko da su ko ta sarrafa, don kada ta sake wahalar, kamar yadda mai shayi ke ajiye ruwan zafi kafin masu saye su zo.

"Wannan ajiya tana cinye wuri." Gaskiya ne. PUBG Mobile an gina shi a kan injin Unreal na kamfanin Epic Games, Free Fire na Garena kuma a kan Unity. Irin waɗannan injina suna tara fayilolin zane da haske da suka dace da wayarka, kuma tarin yana ƙaruwa. Shiga Settings, zaɓi Apps, taɓa sunan gem ɗin, za ka ga girmansa.

"Idan ka share ta, hotuna da matakin da ka kai za su tafi." Ƙarya ne, amma akwai inda ake kuskure. Maɓalli biyu ne a wuri guda. "Clear cache" ba ya taɓa hotunanka ko asusunka. "Clear data" kuwa yana mayar da manhaja kamar yau aka saka ta. Wanda ke buga gem a matsayin baƙo, bai ɗaura shi da Google ko Facebook ba, yana iya rasa komai.

"A riƙa sharewa kullum, waya za ta yi gudu." Ba haka ba ne. Abin da ka share, gem zai sake ginawa ko ya sake saukowa, buɗewar farko ta yi nauyi, data kuma ta tafi. Android da kanta tana rage ajiyar idan wuri ya yi ƙaranci. A share idan gem na tsayawa ko wuri ya ƙure.

"Foldar obb shara ce." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi tsada. A cikin Android/obb gemomi da yawa ke ajiye ainihin taswirori da muryoyinsu. Ka goge, sai ka sake sauko da su. Tun Android 11 ta 2020, Google ta takura wa manhajoji shiga wannan folda.

"Manhajar share-share tana ƙara RAM." Ƙarya ne. RAM daban, ma'ajiya daban. Ko Memory Fusion na Tecno, da ake cewa yana ƙara RAM, daga ma'ajiyarka yake aron wuri. A 2020 Google ta kori ɗaruruwan manhajoji daga Play Store saboda tallace-tallacen da suka addabi mutane, ciki har da na Cheetah Mobile, masu manhajar share-share ta Clean Master.

Ga ɗalibai masu koyon ƙera gem a kwamfuta, ƙa'idar ɗaya ce. A rufe manhajar tukuna, sannan ana iya goge foldar Library a Unity, ko DerivedDataCache da Intermediate a Unreal; za su dawo da kansu, sai dai a yi haƙurin jira. Assets da Content su ne aikinka, kada ka kusance su.

Kafin ka zargi gem, leƙa WhatsApp. A sashen Manage storage za ka ga fayilolin da suka haura MB 5 da bidiyon da aka yi ta turawa guruf-guruf. Sau da yawa can ne wurin ya tafi, kuma share su ba zai rage maka ko mataki ɗaya a gem ba.