Sayen Shanu 'Yan Ruwa-Biyu: A Tambayi Jini Kafin A Tambayi Kuɗi

Yau magana ce a kan shanun nama 'yan ruwa-biyu, watau waɗanda aka haɗa jinin saniyar gida da na bajimin waje. A kara suna cika ido, ga faɗin baya ga cinya, har mutum ya manta ya tambayi abin da ya fi muhimmanci: jinin wajen nawa ne a jikinsa, rabi ne ko ya wuce? Kuma a wace ƙasa ya tashi?

Dalilin tambayar shi ne, a shekarun 1950 an kawo bajiman Brahman daga Amurka zuwa tashar kiwo ta Wakwa, kusa da Ngaundare a Kamaru, aka haɗa su da Gudalin Adamawa. 'Ya'yan sun yi girma da nama, babu musu. Amma kirci ya addabe su fiye da Gudalin da suke kiwo tare a fili ɗaya. To jama'a, wannan fa gidan gwamnati ne mai likitoci, balle garken ɗan kasuwa da ke kwana a bakin hanya. Gwargwadon yawan jinin waje, gwargwadon hidimar da dabbar za ta nema.

Saboda haka a shafa gadon baya da hannu, kada a tsaya ga ido. In aka ji ɓawo-ɓawo ƙarƙashin gashi, a bar shi ko da dillali ya rantse. A ɗaga wutsiya, a duba hammata da marena, nan kaska mai zanen baya take maƙalewa, ita ce kuwa abokiyar tafiyar kirci. Ciwon ya fi tashi da damina, don haka mai hankali yakan sayo bayan ruwa ya ɗauke, dabbar ta san ƙasa kafin wata daminar.

Tudun Adamawa akwai sanyi-sanyi. San da aka sauko da shi Garwa ko Marwa ko Mubi a watan Afrilu zai sha wuya, sai inuwa da ruwa wadatacce, kiwo da safe da la'asar. Wanda aka nufi kurmi da shi kuwa, ƙudan tsando ke jiransa, kuma Brahman ba ya jure sammore kamar Ndama ko Muturu. A ga likitan dabbobi tun kafin a yi lodi.

In mota ta sauke su, kada a haɗa su da garke. A ware su kamar mako 3, wurin shan ruwansu daban, saboda ciwon huhu yakan ɓuya a jikin dabbar da ke tafiya lafiya lau. A cikin kwanakin nan ne za a yi maganin tsutsa da na hanta, a yi wankan kaska, a yi allurar da ba a yi ba.

Sai abinci, inda da yawa ke asara don son riba da wuri. Tumbin sa ba ya karɓar sabon abinci rana ɗaya. A fara da busasshiyar ciyawa da harawa da 'yar kanwa. Dusa da angurya kuwa kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa har mako 2 zuwa 3. In kashi ya yi ruwa ko ya daina tuƙa, a janye dusar a koma ciyawa, sai ya dawo daidai.