Asalin Labarin Alauddin: Daga Halab Zuwa Majigin Disney

Da yawa daga cikin yaran Birnin Zariya da suka kalli Aladdin, fim ɗin zane mai motsi wanda kamfanin Disney ya fitar a 1992, sukan ɗauka kai tsaye daga Alfu Laila aka kwaso shi. Alhali kuwa babu labarin Alauddin a tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na wannan littafi. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, shi ne ya cusa shi cikin fassararsa, bayan wani saurayi mutumin Halab, Hanna Diyab, ya ba shi labarin a birnin Faris a 1709. Galland bai ambaci sunan saurayin a fassarar ba, sai a kundin ajiyarsa aka gano shi.

A wancan labari Alauddin ɗan tela ne a ƙasar Sin, mahaifiyarsa tana raye, aljannu kuwa biyu ne, na zobe da na fitila, kuma ba a ƙayyade masa yawan buƙatu ba. Disney ya mayar da shi maraya a wani ƙagaggen birni, Agrabah. Mugun waziri Ja'afar da sunan Abu da buƙatu uku kuwa, an riga an gan su a fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A nan Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, inda ya ɗebo labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa ya ɗinka musu rigar Hausa. Don haka wajibi ne ɗalibin adabi ya bi sawun labari har tushensa, sa'an nan ya duba abin da mai aro ya sauya da dalilinsa.