Furfura ba laifi ba ce, a rage rini haka nan!

A wani gidan kallo a Shanga, can ƙasar Yawuri, ana tsakiyar fim mai ban tausayi sai kawai jama'a suka tuntsire da dariya. Dalili? Dattijon da ya fito a uban yarinya gemunsa baƙi wuluk, da aka juyo fitowa ta gaba sai ga fari fat ya leƙo daga tushe. Rini ya tona asiri!

To, ai gashi ba ya jiran darakta. Kusan santimita 1 yake ƙaruwa duk wata, in ɗaukar fim ta ja makonni dole furfura ta dawo. Abin haushin ma, a lokeshin ɗin ne za ka ga ana barbaɗa wa saurayi hoda a ka wai don ya zama tsoho.

Mai son daina rinin, watannin farko ne masu wuya, lokacin da kai yake rabi baƙi rabi fari. Namiji ya huta: a yi aski tal, a datse gemu, a kafa hula.

Dubi Kabiru Nakwango da Isa Bello Ja, shekara nawa suna fitowa a iyaye? Ban taɓa jin ɗan kallon da ya ce manyanta ta rage musu kwarjini ba.