Makin Tafiya: Tikitin Wani, Jirgin Wani

Shirinmu na yau zai leƙa filin jirgin sama ne, mu duba makin nan da kamfanonin jirage ke tara wa fasinjojinsu, wanda in ya yi kauri ake musanya shi da tikiti kyauta, ko ƙarin nauyin kaya, ko kujerar manya a gaban jirgi.

Tsarin ya bunƙasa ne tun 1981, lokacin da American Airlines ya ɓullo da nasa a Amurka. Daga baya kamfanoni suka ga babu wanda zai iya kai fasinja ko'ina shi kaɗai, sai suka ƙulla ƙawance: Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Jiragen da mutanenmu suka saba da su da dama suna ciki. EgyptAir da Turkish Airlines sun shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian Airlines ya biyo su a 2011. Qatar Airways da Royal Air Maroc suna Oneworld, Saudia da Air France da Kenya Airways kuwa suna SkyTeam. Emirates dai bai shiga ko ɗaya ba.

To, ina amfanin wannan ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ta Addis Ababa? Idan yana da katin ShebaMiles na Ethiopian, ya tashi zuwa Umara da EgyptAir ta Alƙahira, zai iya ba da lambar katinsa a zuba masa makin a asusunsa na ShebaMiles. Kati ɗaya ya isa. Wanda ya buɗe asusu a kowane kamfani zai wayi gari da guntu-guntun maki nan da can, babu wanda ya kai a yi wani abin kirki da shi, har wa'adinsu ya wuce.

Inda gizo ke saƙar shi ne jirgin haɗin gwiwa. Kamar dai ka yanki tikiti a tasha wajen wani direba, lokacin tashi a ce ka shiga motar abokinsa. Tikitinka na ɗauke da suna da lambar kamfani guda, amma jirgin da matuƙa da ma'aikatan duk na wani kamfani ne. Alhaji, Hajiya, ku duba takardar da ejan ya buga muku. A ƙarƙashin lambar jirgin akwai wani ɗan layi da ƙananan baƙaƙe, shi ke faɗin kamfanin da zai ɗauke ku. Sau da yawa ma lambar kan nuna, domin ta haɗin gwiwa takan zo da alƙaluma huɗu.

Wannan ɗan layi yana da nauyi. A Star Alliance, galibi kamfanin da ya tuƙa jirgin ake dubawa. Ga misali, ASKY mai mazauni a Lome abokin hulɗar Ethiopian ne na ƙut da ƙut, har Ethiopian na da hannun jari a cikinsa, amma ba ya cikin Star Alliance. Saboda haka mutumin Yamai da ya hau jirgin ASKY da lambar Ethiopian, ya miƙa katinsa na Turkish, kada ya sa rai da makin wannan zangon. A Oneworld kuwa, yawanci lambar da ke kan tikiti ce abin lura. Kowane gida da dokarsa.

Sai kuma harafin farashi. Ko a kujerun gama-gari, kowane tikiti na da harafinsa: Y shi ne cikakken kuɗi, sauran kuma rangwame hawa-hawa. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, su ci abinci iri ɗaya, ɗaya ya samu maki 1,000 a tafiyar mil 1,000, ɗayan ya tashi da 250, ko ma ya tashi a tutar babu. Tikitin rukuni da jiragen shata, irin na jigilar alhazai, galibi ba su da rabo. Wasu kamfanonin ma, kamar Delta da United tun 2015, sun koma lissafi da kuɗin da ka biya maimakon nisan tafiya. Ni dai a ganina, ƙara kuɗi masu yawa don farautar maki ba dabara ba ce, sai dai idan bambancin bai taka kara ya karya ba.

Maki na wanda ya hau jirgi ne, ko da wani ne ya biya. Sunan da ke kan kati kuma dole ya yi daidai da na tikiti, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa kwamfuta ta ƙi zuba makin. Ku ajiye katin shiga jirgi har sai kun ga makin ya faɗa asusu. Idan bai shigo ba, ana iya nema daga baya da lambar tikiti da wannan katin, kuma kamfanoni da dama kan ba da wa'adin wata shida.