Hanya Ta Yi Lafiya, Amma Wa Ke Dakon Kayan?

A hutun da ya wuce ɗan yayata ya dawo mana Kiyako daga jami'a a Dutse da wata tsohuwar laftof. Wani dare bayan isha'i na biya shagon cajin waya karɓar tawa, na tarar da shi da abokansa uku suna musu har jijiyoyin wuya sun tashi, muryarsu ta danne ƙarar janareta. Na ɗauka rigimar Arsenal da Chelsea ce. Ashe wasan kwamfuta ne. Ina cikin lalubar caja sai na ji ɗayansu ya ce, "Wallahi Kaisar ya fi su duka. A ƙasarsa ko ɗan fashi ɗaya babu." Nan na tsaya, don na sha jin wannan maganar daga bakin dattawa masu furfura, kuma su ba wasa suke nufi ba.

Sunan wasan Fallout: New Vegas. Kamfanin Obsidian na Amurka ne ya ƙera shi, ya fito a watan Oktoba na 2010, ya kuma sake farin jini bayan Amazon ta fitar da fim mai dogon zango a kan duniyar Fallout a 2024. Labarinsa shi ne, a 2077 Amurka da Sin suka yi wa juna ruwan makaman ƙare dangi, cikin awa biyu duniya ta zama toka. Wasan ya buɗe a 2281, a hamadar Mojave, kewayen tsohon birnin Las Vegas. Murfin kwalbar lemo ya zama kuɗi, shanu suna da kai bibbiyu. Mai wasa ɗan aike ne da aka harba a ka, aka binne, Allah ya yi da sauran kwana. Abin da kowa ke hari shi ne madatsar ruwa ta Hoover, wadda ke ba da ruwan sha da lantarki. Mutumin Jigawa ba sai an yi masa dogon bayani ba: tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, manomin fadamar Haɗeja ya san cewa wanda ke riƙe da makullin ruwa can sama yana da hannu a tukunyarsa.

Ɓangare na farko cikin masu harin madatsar ita ce Jamhuriyar Sabuwar Kalifoniya, wadda yaran ke kira NCR. Tana da zaɓe, majalisa, kotu da shugaban ƙasa, Aaron Kimball. Ta haramta bauta, mace na shiga soja har ta kai babban muƙami. A takarda ba ka da abin kushewa. A ƙasa kuwa, sojojinta sun bazu fiye da ƙarfinsu, 'yan fashi na tare fatake a gaban shingayensu, haraji ya yi wa ƙananan garuruwa nauyi, attajiran shanu sun saye 'yan majalisa. Takardar kuɗinta ta faɗi, ɗari ba ta wuce murfi arba'in a kasuwa. Kuma tana da jini a hannu: a Bitter Springs sojojinta sun buɗe wuta a kan mata da yara da tsofaffi na wata ƙabila da ke gudun ceton rai. Da aka gama zayyana mini wannan na ce, to ai ba sai an je Amurka ba.

Ɓangare na biyu shi ne ya fi cin lokacin samarin, ni ma a kansa zan daɗe. Rundunar Kaisar wani mutum ne ya kafa ta, Edward Sallow, wanda asalinsa ɗalibin ilimi ne cikin ƙungiyar masu agaji. Ya karanta tarihin Rumawa, ya laƙaba wa kansa sunan sarkinsu, ya ci ƙabilu sama da tamanin da yaƙi, ya shafe sunayensu da al'adunsu. Falsafarsa a fili take: son rai da taushin hali ne suka rusa tsohuwar duniya, don haka mutum ba shi da wata daraja face amfanin da zai yi wa daula. Ya hana giya da ƙwaya. Kuɗinsa zinariya ne da azurfa, ba takarda ba. Kuma gaskiya ne, a cikin wasan akwai fatake da ke shaida cewa a ƙasarsa suna tafiya ba mai gadi, ba wanda ya isa ya taɓa su.

Sai na ce wa ɗan yayata ya kai ni cikin wasan in gani da idona. Ya kai ni Nipton. Gari ne da rundunar ta ci, ta tara mutanensa ta sa suka jefa ƙuri'a. Wanda ya zo na ɗaya aka sake shi, na biyu aka kakkarya masa ƙafafu aka bar shi da rai, sauran aka gicciye wasu a jikin turakun waya, aka bautar da wasu. Daga nan muka shiga sansanin Kaisar. A can na ga wata baiwa sanye da tsumma, ta sunkuya ƙarƙashin ƙaton kaya, tana kai da komo tsakanin tantuna. Na nuna ta da yatsa na tambayi mai yabon Kaisar, "Kai yaro, da ka ce ƙasarsa ta fi daɗi, a matsayin wa ka ɗauki kanka? Falke, ko wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai ni soja zan zama." Na ce, "To ƙanwarka fa?" Bai amsa ba.

Abin da na lura da shi ke nan a duk inda ake yabon mai mulkin ƙarfi: mai yabon kullum a kujerar falke yake zaunar da kansa. Tarihinmu ya san irin wannan tsari. Rabeh ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa da runduna mai horo da bindigogi, tana rayuwa a kan ganima da bayi. Faransawa suka kashe shi a Kusseri a 1900, ba a jima ba daular ta watse, domin a kan tsoron mutum guda aka gina ta. Masu ƙera wasan sun san wannan rauni, shi ya sa suka sa wa Kaisar ƙari a ƙwaƙwalwa, suka ajiye masa magaji, Lanius, wanda bai san komai ba sai yanka. Akwai ma wani munafunci: ya hana sojojinsa maganin zamani, amma a tantinsa akwai na'urar tiyata da ya keɓe wa kansa. A yau kuma, a wasu ƙauyukan Zamfara da Sakkwato, 'yan bindiga na ɗora wa mutane kuɗin noma da na girbi, wanda ya biya a bar shi ya shiga gonarsa. Za ka ji an ce gari ya lafa. Lafawar da ake saya da buhun gero, mai bindiga na iya ƙara mata farashi gobe da safe.

Na uku shi ne Mista House, attajiri mai kamfanin ƙera mutum-mutumi tun kafin yaƙi. Ya hango abin da ke tafe, ya kakkaɓo yawancin makaman da aka harbo wa Vegas, ya shige cikin wata na'ura da ta tsare ransa sama da shekara ɗari biyu. Ba ya gicciye kowa, ba ya kuma tambayar ra'ayin kowa. Ya ce shi ya fi sani, a bar shi ya yi lissafi. Unguwarsa na ƙyalli da fitilu da gidajen caca, amma ba ka shiga sai ka nuna murfi 2,000 ko takardar izini. A bakin ƙofar, a unguwar Freeside, yara na bin ƙaton ɓera da gudu don su samu na ci. Wannan irin masu kuɗin ne da kan gina wa gari rijiyar burtsatse su riƙe makullin a aljihu.

Akwai hanya ta huɗu, wadda samari suka fi so: ka kori kowa, ka ce Vegas ta ci gashin kanta, kai ne mai rundunar mutum-mutumi. Daɗin ji gare ta. Amma mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram maƙwabtan Ningi ne. Wajen tsakiyar ƙarni na 19, Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano bayan rigima kan haraji, suka shige duwatsun Ningi. Kokensu na da tushe. Sai dai ba a daɗe ba magadansu suka zama masu kai hari kudancin Kano suna kwasar mutane, Kano ita ma tana ramawa, talakan da ke tsakani shi ya riƙa kwana da ido ɗaya. Wanda ya tsere wa zalunci da takobi a hannu, ba a rasa ranar da zai gwada kaifinsa a wuyan wani.

Idan aka matsa mini, NCR zan ɗauka, ina toshe hanci. Ba don ta fi tsarki ba. Dalilina guda ne: a cikinta kaɗai za ka samu sojan da kisan Bitter Springs ke hana shi barci, da jami'in da za a iya kai ƙararsa, da shugaban da ke tsoron zaɓe. Ɓarnarta abin kunya ce a wurinta, ɓarnar Kaisar kuwa ita ce dokarsa. Su kuwa likitocin agaji da ke wata tsohuwar ganuwa a Freeside, waɗanda suka fi kowa kirki, ba sa neman mulki, kullum cikin ƙarancin magani suke, kuma makomarsu na hannun duk wanda ya ci yaƙin.

Ban ce wasan na kowa ba ne. Akwai jini, caca, giya da maganganun batsa a ciki, a Turai ma tambarin shekara 18 aka sa masa, bai kamata a bar shi a hannun ɗan firamare ba. Amma iyaye da malamai, idan kun ga saurayi ya duƙufa a kan irinsa, kafin ku fizge laftof ɗin ku jawo benci ku zauna kusa da shi. Ku tambaye shi wa ya miƙa wa dam ɗin, da dalilinsa, sannan ku sa shi ya nuna muku waɗanda ke dakon kaya a sansanin gwanin nasa.