Ayaba a Cikin Gida: Wace Ƙasa Za Mu Zuba Mata?

Yau maganarmu a kan ayaba take, wadda da yawa daga cikinmu ke kira banana.

Wanda ya taɓa shiga garaken fadama a kwarin Korama, wajen Matamaye da Magariya, ya ga yadda shuka ke jin daɗi inda ruwa yake kusa. Birnin Damagaram kuwa a kan dutse yake zaune. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. A gidaje da yawa na Birni da Zango, in an haƙa rami kaɗan sai a tarar da dutse. Shi ya sa wasu ke dasa ayaba a cikin rabin ganga ko a cikin babbar randa. Abin yana yiwuwa. Amma sau da yawa ayabar takan yi kyau da damina, in ɗari ya shigo sai ta yi rawaya ta mutu. Mai gida ya ce sanyi ne ya kashe ta. Sanyi yana da nasa laifi, amma babban laifin yana wajen ƙasar da aka zuba mata. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce ga wanda ya yi wata shida yana sayen ruwa a wajen ƴan garuwa.

Mu fara sanin halinta

Ayaba ba itace ba ce. Abin da muke gani a tsaye kamar gungume, hannuwan ganye ne suka naɗe juna. Ainihin jikinta yana cikin ƙasa, wani dunƙule ne mai kama da gwaza. Daga gare shi saiwoyi ke fita, daga gare shi kuma ƴaƴa ke tsirowa. Saiwoyin suna da taushi, kuma ba su nitsa can ƙasa kamar na mangwaro. Suna son danshi kullum. Amma suna bukatar iska su ma. In ruwa ya kwanta musu kwana biyu ko uku, sai su fara ruɓewa.

Ayaba tana girma sosai in zafi yana tsakanin digiri 26 da 30. In ya sauko ƙasa da digiri 16, girmanta yakan ragu ƙwarai. A nan wajenmu, daren Disamba da na Janairu yakan sauko wajen digiri 14 ko 15, wani daren ma ƙasa da haka. A lokacin nan ayaba kamar mai barci take. Ba ta shan ruwa da yawa. To, in ƙasar da ke cikin gangar mai riƙe ruwa ce, ruwan da muka zuba zai zauna, ga sanyi, ga rashin iska. Dunƙulen ya ruɓe daga ciki. Mu kuwa mun ga ganye ya yanƙwane, sai mu ce ƙishirwa ce, mu ƙara ruwa. Mun ƙarasa ta ke nan da hannunmu.

Ƙasar da ba ta dace ba

Ƙasar gona, in tana gona, tana da faɗi da zurfi. Ruwa yana da wurin gudu. In aka ɗebo ta aka kulle a ganga, halinta yakan sake.

Laka ta bakin tafki da ƙasar suri suna da ƙarfi, amma a ganga daskarewa suke yi kamar tubali. Irin ƙasar da magina na Miriya ke so don tukwane, ita ce ayaba ba ta so. Rairayin jigawa shi kaɗai kuma ba ya riƙe kome. A zuba ruwa da safe, kafin azahar ya bushe.

Ƙasa mai kanwa ita ce mafi muni. Ayaba ba ta jure gishiri. Mutanen gabas, wajen Gidimuni da Gure, sun san irin wannan ƙasa. In ta bushe takan yi fari-fari a sama. Duk ƙasar da muka ga haka, mu bar ta inda take.

Sai ƙasar juji. A da iyayenmu suna ɗibarta su kai gona, kuma tana da kyau. Jujin yanzu ya cika da leda, da fasassun kwalabe, da matattun batura masu guba. Abin da za mu ci ƴaƴansa, mu ba yaranmu, bai kamata ya tsira a kan wannan ba. Haka nan ganga da aka taɓa zuba maganin ƙwari a cikinta, kada mu yi aiki da ita ko an wanke.

Yadda za mu haɗa

A ganinmu, babu ƙasar da ta fi ta ƙarƙashin gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina. Da rani kuma dabbobi suna hutawa a inuwarsa, suna barin kashinsu. Shekara da shekaru haka, sai ƙasar wurin ta yi duhu ta yi laushi. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka hana saran gawo, suka sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Mu kankaro ta sama kawai, kamar zurfin tafin hannu. Kada mu yi wa itacen rami, kuma mu nemi izinin mai gona.

Mu auna da bokiti ɗaya. A sami bokiti biyu na ƙasar gawo, da bokiti biyu na taki ruɓaɓɓe, da bokiti ɗaya na yashi mai manyan ƙwayoyi irin na gulbi. A ƙara bokiti ɗaya na ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin gero wanda ya kwana biyu a ƙasa ya fara ruɓewa. A cakuɗa sosai har launin ya zama ɗaya. In bai cika gangar ba, a sake wani awon kamar na farko.

Kowanne da aikinsa. Ƙasar gawo ce jiki. Taki shi ne abinci, kuma yana riƙe danshi. Yashi yana buɗe wa ruwa hanya. Ɓawon gyaɗa yana hana ƙasa daskarewa, ya bar wa saiwoyi wurin numfashi.

Maganar taki tana son a tsaya a kanta. Ɗanyen taki yana da zafi, yana ƙone saiwa. Na kaji ya fi kowanne zafi. Yana kuma jawo gara da gwazarma. Takin da ya nuna shi ne wanda ya yi baƙi, ya yi gari, ba ya wari, kuma in an tura hannu cikin tsibinsa ba a jin ɗumi. Wanda bai da irin wannan, ya tara kashin awaki ko na shanu a rami, ya riƙa yayyafa ruwa yana juyawa har wata biyu ko uku. Mai ciwo a hannu ko a ƙafa kada ya taɓa taki, domin ta nan cutar sandarewar jiki ke shiga. Bayan aiki kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Kafin a dasa, mu gwada haɗin. A jiƙa kaɗan, a damƙa a hannu. In ya dunƙule, amma da an taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi daidai. In ya liƙe kamar ƙullin fura, a ƙara yashi. In ya ƙi dunƙulewa sam, a ƙara taki.

Gangar da shukar

Ganga mai cin lita 200, in an raba ta biyu, rabi guda ya ishi ayaba ɗaya. A huda gindinta wuri takwas ko goma, kowace ƙofa yatsa ya iya shiga. A ɗora tsingaro a kan kowace ƙofa don kada ƙasa ta zube. An saba cewa a jera duwatsu da yawa a gindi. Masana sun gane wannan ba ya taimakon ruwa ya fita, wurin saiwa kawai yake ragewa. A ɗora gangar a kan duwatsu uku kamar murhu. Bayan an cika, a zuba ruwa bokiti guda. In an ɗan jima ba a ga yana ɗiga ta ƙasa ba, haɗin ya yi nauyi.

Wajen zaɓen ɗan ayaba, a ɗauki mai siririn ganye kamar takobi da kauri a gindi. Mai faɗin ganye tun yana ƙarami ya fi kyan gani, amma rago ne. A nemi gajeren iri, domin iska ba ta kayar da shi da sauri. Gajeren irin da ya bazu a duniya ana ce masa Cavendish. Abin mamaki, a wani gidan gilashi na ƙasar Ingila ya yi suna, wajen 1835, a hannun wani mai lambu Joseph Paxton. Har yau mutanen ƙasashen ƙanƙara suna dasa ayaba a tukunya, su shigar da ita ɗaki in sanyi ya zo. Su sayen ƙasar suke yi a buhu. Mu Allah ya hore mana gawo da awaki.

A fere dunƙulen da wuƙa mai tsabta, a cire tsofaffin saiwoyi da duk inda ya yi baƙi. Masanan cibiyar IITA da ke Ibadan suna koyar da a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, wato a ƙirga ɗaya zuwa talatin a natse, a ciro. Wannan yana kashe ƙananan tsutsotsin saiwa da ido ba ya gani. Lokacin dasawa mafi kyau shi ne farkon damina, don ta yi ƙarfi kafin ɗari.

In hunturu ya shigo

Ganga cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi buhun gero nauyi, saboda haka a zaɓi mazauninta tun farko. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana tsattsaga ganye. Rana kuwa a watannin nan ta kudu take bi. Wurin da ya fi shi ne kudu da bango, inda bangon zai tare iska, rana kuma ta samu. In babu bango, a kafa zana. Ita ce kuma za ta tare awaki.

Ƙananan da ke cikin leda ko ƙaramar tukunya, a iya shigar da su zaure da magariba, a fito da su da hantsi. Kada a bar su a ɗaki mai duhu yini guda.

Kafin a ba da ruwa, a tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, a bari sai gobe. A ba da ruwan da hantsi, ba da dare ba. A rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da kyau. Ruwan wanki mai garin sabulu kuwa yana tara gishiri a ganga. Kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, nan sauro ke haihuwa.

A dakatar da takin zamani sai zafi ya dawo a watan Maris. A lokacin a kwashe ƙasar sama kaɗan, a mai da sabon taki. Ayaba tana son toka, amma cikin tafin hannu ɗaya a wata ya isa, domin in ta yi yawa aikin kanwa take yi. Da bazara kuma ƙarfen ganga yakan yi zafi har ya dafa saiwa. A naɗe shi da tsohuwar tabarma ko buhu.

Ayabar ganga takan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ta yi ƴaƴa, kuma nononta ba ya kai na garka girma. Mai garka a fadama ya dasa a ƙasa, ya fi masa. Uwa sau ɗaya take haihuwa. In an yanke nonon, a sare ta, a bar ɗa guda ɗaya ya gaje ta. Sauran ƴaƴan a cire su da wuƙa, a ba maƙwabta.